Shaihu Umar: Littafin Tafawa Ɓalewa Da Fim Ɗin Adamu Halilu, In An Dube Su Daga Kafanchan

Duk wanda ya yi makaranta a Arewa, ya kuma zauna ajin Hausa, da wuya a ce bai taɓa riƙe ɗan littafin nan mai suna Shaihu Umar ba, wanda marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana saurayi malamin makaranta. Amma waɗanda suka ga fim ɗin da aka yi da labarin cikin shekarar 1976 ba su da yawa, domin bayan an nuna shi a wancan zamani sai ya yi ɓatan dabo, har mutane suka fid da rai da shi. Sai a shekarar 2016 aka gano shi cikin tsofaffin gwangwanayen fim na Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka kai shi Jamus aka gyara, aka sake nuna shi a babban bikin fina-finai na birnin Balin cikin watan Fabrairu na 2018.

Tun da fim ɗin ya dawo, ana iya ajiye shi kusa da littafin a auna su. Galibin masu yin wannan awo daga Zariya ko Kano ko Bauchi suke yinsa, watau daga garuruwan da Shaihu Umar da kansa zai ji kamar yana gida. To, amma akwai wani wurin tsayawa dabam, shi ne Kafanchan da ƙasashen da ke kewaye da ita a kudancin Jihar Kaduna. Labarin bai biyo ta Kafanchan ba ko sau ɗaya, hasali ma garin reluwe ne da bai kafu sosai ba sai wajen 1927. Sai dai labarin na bauta ne, mutanen wannan yanki kuwa suna cikin waɗanda kakanninsu suka san zuwan mahara da asuba. Mutumin Zariya da mutumin Kagoro suna iya karanta shafi ɗaya, kowa ya tsaya a kan layi dabam.

ASALIN LITTAFIN

Cikin shekarar 1933 Dokta R. M. East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, aka sa gasa. Daga nan aka sami littattafan nan biyar da kowane ɗalibin Hausa ya san sunayensu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin, sa'an nan Shaihu Umar. A lokacin Malam Abubakar na Bauchi yana da kimanin shekara 21, bai daɗe da fita Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Ba wanda ya san cewa shi ne zai zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957. An buga littafin a 1934, aka sake buga shi a 1955, Mervyn Hiskett kuma ya juya shi zuwa Turanci a 1967, shekara guda bayan an kashe mawallafin a juyin mulkin Janairun 1966.

Cikin littattafan biyar ɗin, Shaihu Umar ya fita dabam. Ruwan Bagaja ban dariya ne da wayo, Ganɗoki kuwa kirari ne da yaƙi da aljannu. Shi Tafawa Ɓalewa bai nemi ya ba kowa dariya ba. Ya ɗauko abin da tsofaffin zamaninsa suka gani da idonsu ya shimfiɗa shi da Hausa mai sauƙi, ba ado, ba tsalle-tsalle. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa dokar Gwamna Lugga da ta ce duk ɗan da aka haifa daga 1901 ɗa ne ba bawa ba, shekararta 33 kacal sa'ad da littafin ya fito, dokar da ta soke bauta ɗungum a Arewa kuwa ba ta zo ba sai 1936. Ashe ke nan sa'ad da yaran Midil suka fara karanta labarin, akwai mutane a cikin gidajensu waɗanda aka taɓa saye da wuri.

Labarin dai ga shi a taƙaice, saboda wanda ya manta. A wani ɗan gari da ake kira Rauta, kusa da Bauchi, akwai wani babban malami, Shaihu Umar. Wata rana almajiransa suka tambaye shi asalinsa, sai ya shiga ba su labari. Shi mutumin Kagara ne, wadda mawallafin ya ce tana wajen Bida. Ubansa baduku ne, ya rasu ya bar shi maraya, uwarsa kuwa mutuniyar Fatika ce ta ƙasar Zazzau. Ta sake aure, ta auri wani bafade mai suna Makau, mutumin kirki wanda sarki ke so. Sarki ya tura mahara ƙasar Gwari, Makau yana cikinsu. Da aka komo da bayi sai sauran fadawa, saboda hassada, suka kai sara cewa Makau ya kamo fiye da abin da ya nuna. Aka kwashe kayansa aka kore shi, ya tafi ya zauna a Maƙarfi. Matarsa ta je Fatika ganin iyayenta kafin ta bi shi, ta bar yaron a hannun amana, sai ɓarawon mutane ya sace shi. Kura ta cinye ɓarawon a daji, yaro ya tsira, wasu suka tsince shi suka riƙe, mahara suka sake kwashe shi, har ya faɗa hannun wani mai suna Gumuzu aka kai shi Kano. A can wani Balarabe fatake, Abdulkarim, ya karɓe shi, ya ƙetare Sahara da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya mai da shi ɗa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud, har ya zama limami.

Ita kuwa uwar ba ta zauna ba. Ta bar kome ta shiga duniya neman ɗanta, aka yaudare ta a Kano, aka sayar da ita, ta ƙare a Murzuk tana bauta a gidan wani Ahmad, cikin wulaƙanci. Umar ya yi mafarki da ita, hankalinsa ya tashi, suka taso da Abdulkarim. Sun same ta, amma ba ta daɗe ba ta cika. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarin, Umar ya kuɓuta, ya faɗo ƙasar Barno zamanin Rabe, wanda ya ci Barno a 1893 Faransawa suka kashe shi a 1900. Daga nan ya gangaro har Rauta.

YADDA YA ZAMA FIM

Labarin bai yi tsalle daga littafi zuwa majigi kai tsaye ba, sai da ya biya ta dandali. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan kwaikwayo mutumin Tirinidad da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello, su suka mai da shi wasan kwaikwayo, kamfanin Longman ya buga na Turancin a 1975. Bayan shekara guda Alhaji Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da kuɗin Gwamnatin Tarayya. Shi Adamu Halilu haifaffen Garkiɗa ne ta ƙasar Adamawa, ya koyo aikin fim a Ingila, ya kuma daɗe yana yi wa gwamnatin Jihar Arewa fina-finan wayar da kai irin waɗanda ake yawo da su ƙauyuka a motar majigi. Shi ne daga baya ya yi Kanta na Kabi. Shaihu Umar shi Nijeriya ta gabatar a bikin al'adun baƙar fata na duniya, watau FESTAC, wanda aka yi a Ikko da Kaduna a farkon 1977. Cikin 'yan wasan akwai Umaru Ladan ɗin da kansa a matsayin Shaihu, da Mairiga Aliyu, da Husaini Mohammed, da Assad Yasin, da Umaru Dembo mawallafin Tauraruwa Mai Wutsiya, da kuma Harira Kachia, wadda sunanta ma ya isa ya sa mutumin kudancin Kaduna ya gyara zama.

Abu na farko da mai kwatantawa zai lura da shi shi ne tsawo. Littafin ɗan siriri ne, bai kai shafi 100 ba, mai saurin karatu zai gama shi tsakanin azahar da la'asar. Fim ɗin kuwa minti 142 ne, watau awa biyu da minti 22. Yawanci in an mai da littafi fim, kukan da ake yi shi ne an yanke kaza an zubar da kaza. A nan akasin haka aka samu. Tafawa Ɓalewa mai rowar kalmomi ne: tafiyar wata da watanni cikin hamada yakan gama da ita cikin 'yan layuka, mutuwa ma haka. Adamu Halilu kuwa ba ya gaggawa ko kaɗan. Inda mawallafi ya ce an tafi, shi sai ya tsaya a ga tafiyar. Wanda ya saba da fina-finan Indiya da na kaboyi da ake nunawa a silimun wancan zamani, ko na Kano na yanzu masu waƙa da rawa, zai ce fim ɗin yana da nawa, kuma ba za a ce ya yi ƙarya ba. Akwai wuraren da almakashi zai yi masa amfani. Amma nawar tana da ranarta, domin labari ne na jira da nisa da rabuwa, wanda bai ji tsawon hanyar ba kuwa ba zai san abin da uwar nan ta taka ba.

WASAN UMARU LADAN

Aikin da aka ɗora wa Umaru Ladan ya fi yadda ake zato wuya, kuma wahalar daga ginin littafin ta taso. A littafi, muryar Shaihu ce daga bangon farko zuwa na ƙarshe. Shi ke faɗin haihuwarsa, shi ke faɗin abin da fadawa suka ƙulla a bayan idon Makau, shi ke faɗin abin da ya sami uwarsa a Murzuk alhali yana wata ƙasa. Mai karatu ba ya rabuwa da shi ko na minti ɗaya. A fim kuwa babban mutum ba ya iya fitowa a matsayin jinjiri ko yaron da aka sace, dole yara su ɗauki wannan kashi. Saboda haka babban ɗan wasan, wanda fim ɗin ke ɗauke da sunan wanda yake kwaikwayo, ba ya cikin mafi yawan wuraren da ake tashin hankali. Nasa shi ne zama gaban almajirai a farko, da kuma rayuwar Umar bayan ya girma.

Daɗin daɗawa, Umar na littafi mutum ne wanda abubuwa ke faruwa a kansa, ba shi ke jawo su ba. An sace shi, an tsince shi, an kwashe shi, an ba da shi, an koya masa karatu. Abu guda da ya ƙudura da kansa shi ne neman uwarsa, shi ma sai da mafarki ya tashe shi. Ba ya faɗa, ba ya ramuwa, ba ya ko ɗaga murya. Ɗan wasan da aka ba irin wannan matsayi yana tsakanin ramuka biyu: ko ya ƙara gishiri don ya burge 'yan kallo, ya mai da Shaihu wani jarumi mai huci wanda mawallafi bai san shi ba, ko kuma ya sandare ya zama gunki mai rawani.

Umaru Ladan bai faɗa ramin farko ba, wannan kam ya tabbata. Da yake da hannunsa aka tsara wasan tun a dandali, ya san mutumin ciki da waje, ya kuma yarda ya bar shi yadda yake. Abin da ya dogara da shi murya ce da zama. Yana magana a hankali, irin ta malamin zaure wanda ya san ba mai katse shi, yana ba kowace kalma haƙƙinta. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami da littafi a hannu zai gane wannan natsuwa, zai kuma gane cewa ba a koyonta a makarantar wasa. Nan ne fim ya ba da abin da takarda ba ta iya bayarwa, domin littafin ya ce Shaihu mutum ne mai haƙuri da kwarjini wanda ake zuwa wurinsa daga nesa, amma faɗi kawai ya yi. A fuskar Ladan ana ganin dalilin da zai sa a zo.

Rami na biyu kuwa, gaskiya ya leƙa shi. Natsuwar da ta dace da tsoho mai ba da labarin abin da ya wuce da shekaru, ba lalle ta dace da saurayin da ya ƙetare hamada ya tarar da mahaifiyarsa a hannun wani tana baiwa ba. Mai kallo yana so ya ga bambanci tsakanin Umar da abin ke ci yanzu da Shaihun da ya riga ya haɗiye shi, amma tazarar da ke tsakaninsu a wasan Ladan ba ta da faɗi. Masu kare shi za su ce ai haka tarbiyyar take, kunya da tawakkali ba su bar malami ya yi kururuwa ba, kuma haka mawallafi ya rubuta shi. Wannan amsa ce mai ƙarfi. Sai dai tana nuna cewa aibin wasan da kyansa daga tushe ɗaya suka fito, watau biyayya ga littafin. Sakamakon haka, a fim kamar yadda yake a littafi, zuciyar mai kallo ba wurin Shaihu take tafiya ba, wurin uwar take. Ita ce ta zaɓi ta tashi, ita ce ta yi asarar kome, ita ce kuma ba ta ga amfanin haƙurinta a duniya ba in ban da ganin ɗanta sau ɗaya kafin ta rufe ido.

IDON MUTUMIN KUDANCIN KADUNA

Yanzu sai a komo kan harin nan na ƙasar Gwari, wanda shi ne mafarin duk abin da ya biyo baya. A littafi an ba da shi kamar yadda ake ba da labarin fita farauta: sarki ya yi umarni, aka yi shiri, aka yi sammako, aka faɗa wa manoma, aka komo da ganima. Abin da ya dami mai ba da labari shi ne zaluncin da aka yi wa Makau wajen lissafin bayin. Su bayin da ake lissafawa ba a faɗi sunan ko ɗaya ba, ba a ce ga uwar wane tana kuka ba, ba a kuma sake waiwayarsu ba har littafin ya ƙare. Makau, mutumin kirkin labarin, maharin bayi ne. Abdulkarim, wanda ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, fataucin bayi ne ya kawo shi Kano. Littafin bai ɓoye ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, bai kuma ga abin tsayawa a kansu ba.

Ƙasar Gwarin da ake nufi tana yamma, wajen Kagara ta Jihar Neja ta yau, kada mai karatu ya rikita ta da Kagarko ko Kagoro saboda kamannin suna. Amma Gwari, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, suna nan har cikin Jihar Kaduna, kuma abin da ya same su shi ya sami maƙwabtansu na gabas. Masarautar Jama'a, wadda aka kafa wajen 1810, tana ƙarƙashin Zazzau ne a ƙarni na 19, tare da irin su Keffi da Nasarawa da Kauru da Kajuru da Lere, kuma bayi suna cikin gaisuwar da ake aikawa Zariya. M. G. Smith ya bayyana wannan tsari a littafinsa na tarihin mulkin Zazzau da ya fito a 1960. Bayin nan ba daga sama suke faɗowa ba. Daga cikin Bajju da Atyap da Ham da Adara da Ninzo da Gwong da sauran ƙabilun yankin ake kamo su, a zuba su a rumada suna noma, wasu a tura su kasuwannin Kano har su ƙetare hamada ta hanyar da Umar ya bi. Mutanen Kagoro duwatsunsu ne suka cece su, shi ya sa har Turawa suka zo ba su shiga hannun Zazzau ba. Wani abin lura kuma, a shekarar 1933, wadda Malam Abubakar ke rubuta littafinsa a Bauchi, a cikinta ne Sarkin Jama'a ya taso da fadarsa daga tsohon gari ya komo Kafanchan kusa da tashar jirgi, a ƙasar Fantswam.

To, ɗan wannan yanki da aka ba shi Shaihu Umar a aji, a makarantar mishan ko ta gwamnati, yana jin Hausa kamar kowa, wataƙila ma da ita yake addu'a a coci ran Lahadi. Zai ji tausayin Umar, zai ji na uwarsa. Amma in ya zo shafin harin, ya san a wane gefe kakansa yake tsaye. Abin da littafin ya ɗauka a matsayin masifa shi ne a bautar da ɗa Musulmi, wanda shari'a ta hana. Tsohuwar magana ce wannan, tun 1615 Ahmad Baba na Tambutu ya yi fatawa a kanta, ya lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno cikin waɗanda bai halatta a bautar ba. Umar da uwarsa suna cikin wannan layi, shi ya sa labarinsu ya zama abin kuka. Manoman Gwari suna wajen layin.

A nan ne fim ɗin ya yi wa littafin zarra, ko da niyya ko ba da niyya ba. Alƙalami yana iya rubuta kalmar bayi ya wuce, amma na'urar ɗaukar hoto ba ta iya ɗaukar kalma. Dole a nemo mutane masu rai a tsayar da su gabanta, kowa da fuskarsa, a kora su a gaban 'yan kallo. Gani ya kori ji. Abin da muryar Shaihu mai sanyi ta lulluɓe a takarda, a majigi yana fitowa fili, mai kallo kuma ba ya iya hana idonsa tsayawa kan wanda aka ɗaure a bayan babban ɗan wasa. Duk da haka ba za a ce Adamu Halilu ya juya labarin ba. Fim ɗinsa ma Umar yake bi, kuma gwamnati ce ta biya kuɗinsa don a kai shi bikin nuna al'adu, a lokacin da ƙasa ba ta fi shekara shida da fita yaƙin basasa ba, ana neman abin da zai haɗa kai. Ya ba waɗancan mutane fuska, bai ba su baki ba.

Adalci ne kuma a faɗi abin da ke gefen mawallafin. Tafawa Ɓalewa ba ɗan sarauta ba ne, mahaifinsa Bagere ne mai hidima a gidan hakimi, daga ƙananan ƙabilun ƙasar Bauchi waɗanda su ma sun san ƙarar kofaton mahara. Saurayi mai shekara 21, ma'aikacin En'e, wanda Bature zai duba rubutunsa sarakuna kuma su ji labarinsa, ba shi da filin da zai fito ya la'anci tsarin da manyan gari suka gada. Abin da ya yi shi ne ya jera abubuwan yadda suke: fada cike da hassada, hanya cike da ɓarayin mutane, amintacce yana sayar da matar da ta amince da shi, ayarin masu fataucin bayi kuma rairayi ya haɗiye shi. Akwai masu karatu da yawa da ke ganin wannan jeri shi kansa hukunci ne, ko da ba a furta ba. Ana iya yarda da su, a kuma ce duk da haka hukuncin bai kai ga manoman nan ba.

Wannan ba maganar tarihi kaɗai ba ce. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 da na Zangon Katab na 1992 suna da dalilansu na kusa, na addini da kasuwa da filaye da sarauta, amma duk wanda ya saurari ɓangarorin biyu ya san cewa tsohon miki na zamanin hare-hare yana ƙarƙashin maganganun. Ɗaya gefen yana tuna ƙarni na 19 da malamai da littattafai da adalcin Shehu, ɗayan yana tuna shi da gudu zuwa kan dutse. Kowannensu yana da abin da zai nuna, kuma ɗan littafin nan yana ɗauke da duka biyun, ɗaya a gaba ɗaya a gefe.

'Yan Arewa mazauna Kudu sun fi kowa sanin yadda wannan rabuwa ke narkewa in an yi nisa da gida. A Agege ko Idi Araba ko Obalende, ko Sabo ta Badun, ko Fatakwal inda jirgin Kafanchan ke sauke fasinja a da, mai gadi ɗan Zonkwa da mai shayi ɗan Maƙarfi duk Hausawa ake kiransu, kuma in rigima ta tashi ba a tambayar wane ne kakansa ya hau doki wane ne ya hau dutse. Da Hausa suke ciniki da juna, da ita suke aika saƙo gida. Galibinsu kuma sun bar tsohuwa a ƙauye wadda ba ta san ranar komowarsu ba, don haka ba sai an yi musu bayanin abin da ya hana Umar barci a Ber Kufa ba.

Shi fim ɗin kansa sai da ya yi irin tafiyar mai sunansa. Adamu Halilu ya rasu a 2001 ba tare da ya ga an fito da shi ba. Didi Cheeka, wani mai shirya fim kuma mai bin diddigin tsofaffin fina-finai a Ikko, yana cikin waɗanda suka tono shi, cibiyar Arsenal ta Balin kuma ta gyara shi da taimakon ofishin jakadancin Jamus da ke Abuja. Kafin wannan gyara, ɗaliban Hausa na jami'o'i sun yi shekaru suna rubuta sunan fim ɗin a takardun jarrabawa, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar Umaru Ladan a cikin rawanin Shaihu ba.